Kafin a Ɗora Jinka

Ishaya, da kai zan fara, domin daga bakinka maganar ta fito, ko da yake na san Talatu da Bulus ma suna da ita a ciki. Ranar Kirsimeti, ana cin shinkafa a tsakar gida, ka gaya wa abokinka cewa wata mata 'yar Senegal ta cinye wahalar babanku, ta ɗauke aikin da ya ƙarar da idonsa a kai ta maƙala sunanta. Ka zaci ban ji ba. Tun da ganina ya tafi babu abin da ke wuce kunnena a gidan nan. Ban tanka ba a ranar saboda akwai baƙi, yau zan tanka. Ni nake faɗa, mamanku Rifkatu take rubutawa, kuma mun yi da ita ba za ta taɓa mini magana ba sai inda ta ga na ƙara gishiri.

Kun san na bar soja da muƙamin manjo a sashen sigina, wato masu kula da rediyo da waya da duk hanyar da saƙo ke bi. Aikin ya kai ni Lebanon, ya kai ni kwas Indiya, ya kai ni Chadi da Laberiya. C'lela, yarenmu, na sha a nono, Hausa na tsinta a kasuwar Zuru na ƙarasa a bariki, Turanci a makaranta, Faransanci kuwa wajen sojojin Senegal da muka yi maƙwabtaka da su a kudancin Lebanon, ga ɗan Larabcin da bai wuce na sayen burodi ba. A Indiya na koyi yaren da ba a yin sa da baki, wato rubuta wa kwamfuta umarni. Da na yi ritaya na dawo gida Rikoto, nan Zuru, mutane sun ɗauka noma kawai zan yi, ni ma haka na ɗauka. To, a lokacin mamanku tana shekarunta na ƙarshe a aikin jinya, tana zagaya ƙananan asibitocin karkara ta wajen Mahuta da Dirin Daji. Abin da ya fi ci mata rai shi ne magani zai ƙare a ƙauye, sai ma'aikaci ya rufe asibiti ya hau babur ya zo gari don kawai ya ce ya ƙare. Da aka kafa dogayen ƙarafan wayar salula a ƙasarmu sai ta ce shi ke nan, saƙon tes zai raba mu da wannan tafiya. Amma sabis ɗin na lokacin yana zuwa ne yana tafiya kamar baƙon kasuwa, wuta ma haka. Saƙo zai ɓace a hanya, ba mai aikawa ba mai karɓa da zai sani.

Wannan ne ya mayar da ni kan kwamfuta. Abin da na rubuta ba cikakkiyar manhaja ba ce da mutum zai buɗe ya danna. Masu sana'ar suna ce wa irinsa laburare, amma ku ɗauke shi kamar tubalin da aka riga aka buga, wanda duk mai gina manhaja zai ɗiba ya sa a nasa ginin. Aikinsa ɗaya ne: a haɗa tsohuwar wayar hannu da kwamfuta, shi kuma ya riƙe saƙonni idan sabis ya ɗauke, ya tura su idan ya dawo. Na sa masa suna Ɗan Aike. Tun farko niyyata in sake shi a buɗe, kowa ya ga cikinsa, ya ɗauka, ya gyara, ba tare da ya biya ni ko ya nemi izinina ba, domin da irin wannan kyautar ta mutanen da ban taɓa gani ba ni ma na yi nawa ginin. A kan wannan ban taɓa shakka ba. Abin da na kasa shi ne sakin sa alhali na san yana da aibu. Idan sabis ya yanke daidai lokacin da saƙo ke fita, Ɗan Aike ba ya sanin ko ya isa, sai ya sake turawa, saƙo ɗaya ya isa sau biyu. Na taɓa ganin abin da maimaitaccen saƙo ya yi a bakin aiki: aka tura motar abinci sau biyu sansani ɗaya, ɗayan sansanin ya kwana da yunwa. Sojan da ya ga wannan ba ya miƙa na'ura ya ce a yi haƙuri da ita.

Ina cikin kokawa da wannan aibu ne na lura ganina yana tsukewa daga gefe, kamar mai leƙe ta cikin bututu. Muka je Kaduna. Likitan ya ce hawan jinin ido ne, ya riga ya yi ɓarna, magani zai rage masa gudu amma ba zai tsayar da shi ba. Na tambaye shi karatu fa. Ya ce duk abin da nake so in karanta, kada in ajiye shi sai baɗi. Muka dawo gida, ni kuwa abin da na fahimta daga maganarsa shi ne in ƙara zama a kan kwamfuta. Na yi ta gyara, ina ƙara girman haruffa, aibun yana nan inda yake. A kudancin Lebanon na sha ganin gidaje da ƙarafan rodi tsaye a kan rufi, iyali suna zaune a ƙasa suna jiran ranar da za a ɗora bene. A lokacin raina su nake yi, ina cewa mutum ya gama gida kafin ya shiga. Da wannan ra'ayin nake zaune a Rikoto, idona yana ƙarewa, aikina yana kulle cikin kwamfuta ɗaya a ɗaki ɗaya.

Wata ranar Lahadi bayan mun dawo daga coci, mamanku tana tsince wake a bakin ƙofar ɗakin, ta yi magana ba ta ko ɗago kai ba.

"Baban Talatu, yaushe za ka sake shi?"

"Idan ya kammala."

"Shi zai riga kammala, ko idon?"

Na ce ai ta ji abin da likita ya faɗa.

"Ni na ji. So nake in san ko kai ka ji."

Na yi mata bayanin saƙon da ke isa sau biyu, wanda ta riga ta ji har ta haddace. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta tambaye ni ko na tuna rumbun da babanta ya gina shekarar da na fara golmo a gidansu.

Ku ba ku yi golmo ba, kun dai san shi a baki: noman da saurayi ke yi wa gidan surukai shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ba noma kaɗai ba ne, duk aikin ƙarfi na gidan da kai za a yi. Kakanku yana gina rumbu sahu-sahu, a ɗora laka zagaye ɗaya a bar ta ta sha iska, sannan a ɗora na gaba. Ni na kwaɓa lakar, har ya bar ni na ɗora wasu sahun da hannuna. Da ginin ya kai wuya na zaci sai yaɓe da jinka. Sai tsohon ya bar shi a buɗe, ya ajiye gawayi a gindinsa, ya koma can ƙarƙashin ɗorawa yana gyaran ƙotar fartanya kamar ba nasa ba. Duk wanda ya zo wucewa sai ya tsaya ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kara kunne, inda ya ji sautin bai cika ba ya zana da gawayi ya wuce. Har tsofaffin mata masu dawowa daga rafi sai da suka zana. Yawancin zanen kuwa a kan sahun da na ɗora yake, ga yarinyar da nake nema tana wucewa tana gani. Kunya ta ishe ni, na je na durƙusa na ce Baba, me zai hana mu yaɓe mu rufe, mutane su daina ɓata mana gini? Ya ce da ni, da yarenmu:

"Ranar da na ɗora jinka, kowa sannu da aiki zai ce mini, domin ba mai son ɓata wa mai gida rai a kan abin da ya riga ya gama. Yanzu ne bakinsu yake buɗe. Bar su su faɗa tun hatsina bai shiga ba."

Na ce wa mamanku na tuna, amma rumbu ba ya sa a kai magani inda ba a nema ba.

"To ka rubuta a jikinsa mana," in ji ta. "Kai ka fara zana inda ka sani, ka ajiye musu gawayin."

Masu sana'ar rubuta manhaja suna da irin wannan al'ada, na kuma san da ita tuntuni. Ana ce mata fitowar gwaji: ka saki aiki ka ba shi lamba ƙasa da ɗaya, alamar bai cika ba, ka ce ga shi a gwada, kada a dogara da shi tukuna. Na sha ɗaukar na wasu a haka ban ga laifinsu ba. Nawa ne kawai na ga bai kamata a gan shi ba riga ba. A makon nan na zauna na rubuta bayanin da zai tafi tare da shi, da Turanci da Faransanci. Layin farko, kafin ma sunana, cewa ya yi: wannan abu yana iya aika saƙo ɗaya sau biyu, ban san maganinsa ba, kada a yi amfani da shi inda rai ya dogara da saƙon. Na ƙara da cewa a kan irin wayoyin da ke gidana kaɗai na gwada shi. Ban taɓa rubuta rahoton da ya yi mini nauyi kamar wannan ba, kuma na rubuta masu nauyi a soja.

Intanet a Zuru a lokacin sai shagon Emeka, ɗan kasuwar nan da ya zo daga kudu yana sayar da kayan waya, ya kafa farantin kama sabis a kan rufi ya jera kwamfutoci a ciki. Na je da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin. Emeka ya leƙo ta kafaɗata ya karanta layin farko, ya riƙe baki.

"Oga Manjo, kai da kanka kake gaya wa kwastoma kayanka ba kyau? Ni ko takalmi ƙafa ɗaya ne sai na ce ɗayan yana hanya."

"Ba sayarwa zan yi ba, Emeka. Kyauta ne."

"Kyauta kuma? Wannan ya fi muni! Mama ta sani?"

"Ita ta aiko ni."

"To ba ruwana. Zauna in ƙara wa janareta mai, kada ya kunyata mu gaban duniya."

Ya kuwa kunyata mu. Ana cikin ɗorawa janareta ya yi tari ya mutu, muka koma farko. Emeka ya ce da Ɗan Aiken naka ne da yanzu ya tura sau biyu mun huta. Da ya hau daga ƙarshe, na ga sunansa a shafi inda kowa a duniya zai iya gani, ban ji daɗi ba, ban kuma ji baƙin ciki ba. Ji na yi kamar na fito tsakar gida da ɗan kamfai. Na biya kuɗin lokacina na koma gida ta bayan kasuwa.

Na shirya wa zagi, abin da ban shirya wa ba shi ne shiru. Makonni ina zuwa shagon kowace safiya, ba wanda ya ce uffan. Sai ƙorafi ya fara shigowa ɗaya-ɗaya, na kuwa ga kowace ƙasa da yadda take zana gawayinta. Ba'indiye zai ba ka haƙuri, ya sake ba ka haƙuri, sannan ya nuna maka kuskuren tare da gyaransa. Wani Bature ko gaisuwa babu, ya ce wanda ya rubuta wannan ya tsaya ne a zamanin rediyon soja, abin da ya ba ni haushi kuwa shi ne gaskiya ya faɗa. Wani daga tsibiran Asiya ya ce a wayarsa ko motsi ba ya yi, ya aiko da abin da zai sa ya yi. Cikin wata biyu Ɗan Aike ya san wayoyin da ni ban taɓa riƙewa ba.

Sannan saƙon Madam Aminata ya zo. Injiniya ce a Kaulaha, garin nan na Senegal da maƙwabtanmu Musulmi ke zuwa ziyara, tana haɗa wa ungozomomin karkara hanyar aika rahoto, matsalarsu da tamu kamar an tsaga kara. Da Faransanci ta rubuto, ta gaishe ni, ta gaida iyalina, ta tambayi damina, sannan ta shiga magana. Ta ce layin farko na bayanina ne ya sa ta tsaya, domin aibun da na ambata shi ya hana ta barci a nata aikin. Ta ce mai aikawa ba zai taɓa samun tabbas ba idan sabis ya yanke kafin amsa ta dawo, don haka a daina wahalar da shi. A bar shi ya maimaita, amma kowane saƙo ya ɗauki lamba, mai karɓa ya jefar da wanda ya riga ya gani. Na san wannan hanya, soja ma yana sa wa saƙo lamba. Na guje ta ne domin saƙon tes gajere ne, lambar za ta cinye wurin magana. Ita kuwa ta samo yadda za a matse lambar cikin 'yan haruffa, ta aiko da shi a rubuce, yana aiki. Sai dai karɓar nata yana nufin a cire tsakiyar nawa gaba ɗaya, wurin da na fi daɗewa a kai, wurin da idona ya tafi.

Na yi 'yan kwanaki ban ba ta amsa ba. Mamanku ta ajiye biro a nan ta ce in faɗi gaskiya, ya fi mako uku. To, ya fi mako uku. Ita ce ma ta gaji da ganina ina zagaye tsakar gida.

"Ka ajiye gawayi, an zana, kuma kana fushi?"

"Wannan ba zane ta yi ba. Cewa ta yi a rushe rabin rumbun."

"Baba bai rushe ba?"

"Ya rushe. Sahuna ya rushe, duka."

"Kuma ya ba ka 'yarsa. Me ka rasa?"

Washegari na je shagon Emeka na karɓi gyaran Madam Aminata, na goge nawa da hannuna. Ba zan ce muku bai yi zafi ba. Har yau wasu safiyoyin ina tuna yadda na tsara wurin, ina iya karanta shi a kaina layi-layi, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai a kan nawa.

Kafin kaka ta shigo, haruffan da nake iya gani sun kai girman tafin hannu, layi ɗaya ba ya shiga allon. Gyare-gyare suna ta zuwa, kowanne yana buƙatar mai ido ya duba kafin a karɓa, ni kuwa na zama ƙofar da ta toshe hanya. Sai na sa mamanku ta zauna gaban kwamfuta, ina faɗa mata harafi-harafi tunda ba ta jin Faransanci, na roƙi Madam Aminata ta karɓi mabuɗin aikin, wato ikon karɓa da ƙi da fitarwa. Ta ƙi. Na sake roƙo, na gaya mata maganar idona, wadda ban taɓa faɗa wa kowa a can ba. Ta karɓa da sharaɗin sunana zai zauna a sama. A nan ne, Ishaya, abin da ka gani ya samo asali. Ni na ƙi sharaɗin. Sunan da ke sama a irin wannan aiki ba na yabo ba ne, ƙofar da mai ƙorafi zai ƙwanƙwasa ce, ni kuwa ba zan iya karanta ƙorafin kowa ba. Na ce ta sa nata a sama, nawa ya sauka ƙasa inda ake rubuta wanda ya fara. Mun ja maganar har ta ce taurin kaina ya fi na kawunta, shi ma tsohon soja ne. Ba ta ɗauki kome ba, ɗora mata na yi, kuma ta ɗauka ne a kan aikinta da 'ya'yanta, ba wanda ke biyan ta.

Da na riƙe shi sai ya kammala, da yau duk layin da ke ciki nawa ne, sunana kaɗai ne a kai, kuma yana cikin tsohuwar kwamfutar nan da ke ɗakin ajiya ƙarƙashin tabarmi, wadda ta daina tashi tun kafin auren Bulus. Na auna riƙewar da sakin sau da yawa, lokacin aunawa bai yi mini ƙaranci ba.

Bayan kusan shekara Madam Aminata ta fitar da cikakken, mai lamba ɗaya, aka cire gargaɗin nan na layin farko. A lokacin wani ma'aikacin lafiya ya riga ya gina 'yar manhaja a kansa, asibitocin da mamanku ta bari suna aika saƙonsu da ita. Ni kuwa haske da inuwa kaɗai nake rarrabewa. Mamanku ta riƙe hannuna muka je shagon Emeka, ya kori wani daga kujera ya ce a ba Oga Manjo wuri, mai kayan kyauta ya zo. Ta zauna gaban allon, na ce ta tsallake gaisuwa ta karanta mini ƙorafi tukuna.

Na ji tana gangarawa, tana gangarawa.

"Babu ƙorafi, Baban Talatu."

"Duba da kyau. Baturen nan fa?"

"Ga shi nan. Shi ma barka ya yi."

"Ba'indiyen?"

"Duk abu ɗaya suke faɗa, kowa da yarensa. Sannu da aiki, sannu da aiki."

Na juya wajen ƙofa. Emeka ya tambaya ko wani abu ya lalace ne, ya ga Oga bai yi murna ba. Mamanku ta ce masa babu abin da ya lalace, jinka aka ɗora. Bai gane ba, ba mu kuma yi masa bayani ba. Na miƙa hannu, ta kama, muka fito.